Madannin Kwali

Kwalin taliya na yanka gida biyu,
na ja masa layi huɗu da alƙalami,
kowane harafi da ɗakinsa,
na ce, "Yara, ga kwamfuta."
Pemba ya ɗaga shi, ya leƙa ƙarƙashi,
wai yana neman wajen kunnawa.

Makarantarmu na kafaɗar wani dutse a Nepal,
inda gajimare ke shigowa aji ba sallama
ya zauna a bencin baya.
Wayar lantarki ta taho, ta taho,
da ta iso bakin kogi sai ta gaji,
ta tsaya a ƙetare tana kallonmu,
yau shekara shida.

Ba wai ba mu da na gaske ba.
Uku ne, baƙi suka kawo a bayan alfadari,
aka rataya musu furanni, aka ɗauki hoto.
Suna cikin kabad, makulli na aljihun hedimasta.
Ya ce, in sun lalace, albashin wa za a yanka?

To, mu da kwalinmu.
In na ce, "Ku rubuta ruwa,"
yatsu su sauka kamar yayyafi a kan kwano.
Ba allo, ba haske, ba mai cewa ka yi kuskure,
sai Sunmaya: in ta ɓata takan ja tsaki,
ta nemi gurbin gogewa, ta danna sau biyu,
ta share abin da ba wanda ya gani.

Har kiwo da shi take zuwa.
Ɓauna na tsinkar ciyawa, ita tana buga wasiƙa
ga babanta mai ɗaukar bulo a Katar:
"An yanke gero. Rufin ɗaki yana yoyo."
Na ce, "Yaya za ta isa?"
Ta ce, "Malam, kai ne ba ka zana wajen aikawa ba."

Ranar jarrabawa muka gangara Charikot,
tun carar zakara har rana tsaka,
gadar igiya tana lilo da mu.
Yaran gari na taunar cingam,
yatsunsu sun san hanya kamar akuya da gidansu.
Tambaya ɗaya, agogo ɗaya, wai an yi adalci.
Amma wanda ya riga ka barci
ai dole ya riga ka tashi.

Ta zauna. Ta jera yatsu yadda na koya mata.
Ta danna. Abin ya nutse.
Ta fizge hannu kamar ta taɓa garwashi,
ta waigo tana nemana ta taga:
na karya musu ne?
Shekara biyu ban taɓa gaya mata ba
cewa madanni na lotsawa ya sake tasowa.
Na manta. Ni ma sau huɗu na taɓa taɓa shi.

Minti goma suka tafi a tsoro.
Sannan ta sake gwadawa, da ɗan yatsa ɗaya,
harafi ya fito, baƙi, yana tsaye, nata.
Ta ƙyalƙyale da dariya har mai gadin aji ya harare ta.
Daga nan hannunta ya ɓalle kamar ƙanƙara a kan rufi,
sai dai agogo ba ya jiran wanda ya taho daga dutse.
Ba ta gama ba.

A hanyar komawa ta ciro kwalin daga jaka,
ta danna, ta danna, ta ce, "Wannan ba ya numfashi."
Ba ta yar ba. Ta ce na ƙaninta ne.

Da safe na tsaya a ƙofar hedimasta.
Ya ce, "Tilak, ka san babu wuta."
Na ce na sani.
Madannan kawai za ka ba ni, da jelarsu tana reto,
yara su ji yadda abu ke amsa yatsa.
In ya karye, nawa za a yanka.

Ya daɗe yana lalube a aljihu.