Kwanso Ɗaya

Aska ɗaya ta bi kanmu a Kumo,
ni da Gidado, ranar kasuwa, gindin ɗorawa.
Wanzamin ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa,
bai san abin da ya raba mana ba
a kan askin naira biyu.

Shekara ashirin abin na kwance a hanta
kamar gara cikin azara,
waje sumul, ciki gari.
Sai ranar ba da jini ga matar ƙanenmu
aka ja mu gefe, aka rage murya.

Allura kowane mako, ƙwaya safe da yamma.
Mota ɗaya ke kai mu Gombe,
benci ɗaya, layi ɗaya,
zazzaɓi ɗaya ke kayar da mu daren Talata.
Na sayar da wake, na sayar da bijimi,
na sayar da filin bayan makaranta.

Takardar Gidado ta ce: babu.
Tawa ta ce: tana nan, laɓewa ta yi.

Sai bakuna suka buɗe.
Goggo ta ce sammu ne, har ta nuna gida.
Wani ya ce na tsallake allura,
wani ya ce maiƙo nake ci a ɓoye.
Ni kaina na zauna ina laluben laifina
kamar mai neman canji a hujajjen aljihu.
Gidado ya daina dariya a gabana
don kunyar lafiyarsa.

Dakta Rifkatu ce ta ajiye biro
ta ce, "Malam Bappa, mece ce sana'arka?"
Na ce, wake.
Ta ce, "Ba ka taɓa ɓare kwanso ɗaya ba,
tukunya ɗaya, wuta ɗaya, kanwa ɗaya,
wani ya yi luguf, wani ya tsaya tsakuwa?"
Na ce, sau nawa.
Ta ce, "To akwai rubutu a cikin halittarka,
rabi daga uwa, rabi daga uba.
A wani layi, harafi ɗaya tak,
naka ya saɓa da na ɗan'uwanka.
Jikinsa na jin kiran allura ya miƙe da gora,
naka kuwa sama-sama yake ji.
Ita ma cutar dangi-dangi ce, akwai mai taurin kai.
Ba laifinka ba ne. Ba na kowa ba ne."

Harafi ɗaya!
Ni da na sha bulala a kan ɗigon ba da na ta,
ashe akwai allon da aka rubuta mini
tun ban san hannuna na dama ba.
Na yi dariya har ta miƙo mini ruwa.
A mota ina ta tunani:
Inna ce ta ba ni, ko Baffa?
Su ma wa ya ba su?

Bayan shekara shida sabuwar ƙwaya ta iso.
Ita ba ta roƙon jiki ya tashi,
kai tsaye take bin ɓarawon har ɗaki.
Mako goma sha biyu, ɗaya kowace safiya, da kunun gyaɗa.
Takarda ta ce: babu.
Na sa Gidado ya karanta sau uku.

Filin bai dawo ba, an gina shaguna a kai.
Goggo har yau ba ta gaida mutanen gidan nan.
Ni kuwa in ina awo a rumfa
na ga ƙwayar da ta fita daban,
nakan ɗaga ta, in juya ta a rana,
in mayar da ita cikin mudu.