Mai Huda Ƙanƙara

A tsaunin Toros, sama da ƙauyenmu,
kakata Gulizar ta binne 'yan ƙwayoyi da kaka,
kowace ba ta kai kan babban yatsa ba.
Na ce, "Albasa ce?"
Ta ce, "Ɗanɗana mana, in ka gaji da lafiyarka."

Zurfin yatsu uku, tsini na kallon sama,
a gindin al'ul, inda ganye ya ruɓe.
Sai ka manta da su, in ji ta,
mantuwa ma tana cikin aikin noma.

Fabrairu, ƙanƙara ba ta gama kwashe kayanta ba,
sai ga fari ya huda fari.
Kardelen, kai a sunkuye
kamar wanda aka yaba a gaban jama'a.
Ta ɗaga haɓarsa da farce:
fukafukai uku dogaye a waje,
uku gajeru a ciki, masu tabon kore.
"Ƙirga kafin ka kira suna."

Bana ba ta nan.
Durmush ya kawo mini wasu daga kasuwar Alanya,
ya yi rantsuwa iri ɗaya ne.
Suka fito zanƙal-zanƙal,
fukafukai shida kai ɗaya,
kowane da ɗigo a baki.
Na ƙirga sau biyu. Baƙi ne.
Na dai bar su, sun riga sun sha ruwanmu.

Can bayan al'ul, inda ban taɓa haƙawa ba,
guda bakwai sun leƙo, gajeru.
Na durƙusa cikin laka,
na sa farce.