Gobe Mai Faci

An ɗauke wuta a shagonmu na Fam Santa,
sai Munzali da Sagiru suka ajiye dalma
suka ɗauko gardama.

Munzali ya ce gobe fara ce fat,
kamar a fim ɗin da ya kalla jiya:
jirgi mai ratsa taurari, kowa da riga iri ɗaya,
ba kuɗi, ba bashi, ba mai tari.

Sagiru ya ja tsaki. A nasa fim ɗin
birane sun zama kufai,
ƙarti na kashe juna a kan jarka guda.

Ni dai wayar wata tsohuwa ce a hannuna,
ta sha gyara sau bakwai,
roba ce ke riƙe da murfinta.
Ta taga na hango mai ruwa ya jingine kura
yana duba ko kuɗinsa sun shigo waya.
Can ga farantin sola bisa kwano mai tsatsa,
an danne shi da bulo.

Na ce, in jirgin nan zai tashi daga Kano
da igiya za a ɗaure ƙofarsa,
kwandasta na lilo yana kira:
Duniyar wata! Saura mutum ɗaya!
Kafin a kafa tuta a can
wani ya riga ya kafa teburin shayi,
yana rubuta bashi a bayan kwali.

Munzali ya buɗe baki zai musa
sai aka kawo wuta.
Tsohuwa na jira tun azahar.