Wayar Kulkani

A rumfata ta bakin tasha, nan Argungu,
inda nake jinyar wayoyin da suka sha ƙasa,
Kulkani ya zo ran Laraba da hantsi,
Ba'indiyen nan mai gyaran injin casar shinkafa,
ɓuntu a gashinsa, baƙin mai a farce.
Ya ajiye waya kamar mai ajiye ƙwai.

Gilashin ya dare kamar fadama a bazara.
Na ce dubu goma sha biyu. Bai taya ba.
A kasuwar nan, wanda bai taya ba
akwai abin da ya bari a ciki.

Na ɓare, na goge, na ɗora sabo,
na danna in ga ko yatsa na ci,
sai wata manhaja ta buɗe baki:
baƙaƙe rataye a jikin layi
kamar kifin da Kabawa suka shanya a igiya,
kowanne da ƙugiyarsa, kai a ƙasa.

Na ce, wannan fa?
Ya ce waƙar mazan jiya ce ta addininsu,
ta fi gulbin nan tsawo,
baiti a sama, ma'ana a ƙasa.
In ka taɓa kalma sai ta fashe kamar gyaɗa
ta nuna maka 'ya'yanta.
Ya taɓa ɗaya, ta fashe.
Ya taɓa wata, murya ta fito,
tana hawa tana sauka kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa,
har Ɗanbaba mai cajin waya ya rage rediyonsa.

Ban tsinci ko kalma ba.
Da Hausarsa mai ɗingishi ya ce shi ma haka:
tsohon harshe ne, ba a sayen gishiri da shi.
Uwarsa ce ta haddace,
tana rerawa da asuba tana niƙa,
shi yana jan mayafi yana toshe kunne.
Bara da damina ta rasu,
yana nan ƙarƙashin inji, riƙe da sifana.
Shekara arba'in yana jin sautin,
bai taɓa cewa, Inna, me ake nufi ba.

Yanzu baiti ɗaya kullum, kafin a tada janareta.
Kwana huɗu gilashi a fashe,
kwana huɗu bai gaisa da ita ba.

Hanyarsa daban, tawa daban,
ban ce masa komai a kan wannan ba.
Na miƙa waya, na rage masa dubu biyu,
ya ƙi, na ƙi, Ɗanbaba ya raba mu.

Da dare na sauko da gafakar mahaifina
daga saman sif, inda ta shekara tara.
Gara ta ci gefe, ta bar tsakiya.
Waƙoƙi ne da ajami, rubutun hannunsa,
wasu na wa'azi, wasu na yaƙin Kabi,
tsakanin layi da layi, da jar tawada,
ƙananan baƙaƙe kamar sawun tururuwa:
baiti a sama, ma'ana a ƙasa.
Ashe tsohon ya riga Indiya,
da alƙalamin kara da fitilar aci-balbal.

Na haska da tocilan ɗin waya.
Na manta, wallahi, na sa yatsa na danna kalma.
Takarda ta yi shiru.
Ni da nake tada matattun wayoyi
na kasa tada layi ɗaya na ubana.

An ce Malam Arzika na Gulma yana nan da rai,
abokin karatunsa, ido ɗaya ya rage masa.
Gobe Alhamis rumfa a kulle.
Mai fasasshen gilashi ya yi haƙuri,
ya dawo jibi bayan Juma'a.