Kujerar Kifi

Garinmu Iquitos ba titin da ya shigo shi,
ko ka bi kogi, ko ka bi sama.
Kogi kwana biyar ne, Yolvi ba ta da biyar:
Litinin za a ciro mata ɗan a Lima.

Ni mai kifi ce a kasuwar Belén,
na san farashin da ke hawa in ruwa ya cika.
Amma na cikin wayar Wilmer
ba mai shi a zaune, balle in taya.
Da safe ɗari biyu da goma,
kafin in ƙirga kuɗin gwangwani ya haura ɗari uku.
Wa ya taɓa shi?
Ba kowa, Gwaggo, kujeru ne ke ƙarewa.

Ƙarfe ukun dare muka tashi,
wai lokacin farashi kan yi gyangyaɗi.
Ya rubuta Eufemia Tuanama a hankali,
harafi ɗaya ya kauce, sai tara.
Muka danna. Wayar ta yi ta juyi
kamar kwalekwalen da igiya ta saka,
sannan ta ce an samu.

Can ƙasa ga ƙanƙanin rubutu:
jikinki kawai, banda jaka.
Kyafaffen kifin da na tanadar wa mai jego,
kuɗinsa ya kusa kamo nawa.

Na biya masa.
Riguna uku na ɗora wa jiki ɗaya,
ina zufa a layi,
kifi ya riga ni wucewa ciki
ba wanda ya tambaye shi suna.