Hagu da Saura

A wani garin jihar Nebraska,
inda ƙarnin mayanka ke riga mu shiga aji,
Malama Dvorak ta rubuta a allo:
tuffa goma sha biyu a faranti, an ci biyar.
Sai kalmar ƙarshe, wadda na sani sarai,
don ita direban bas ke faɗi kullum a kwanar coci:
hagu.

Na dubi hoton, na ƙirga na hannun hagu.
Huɗu, na rubuta.
Jan biro ya zo ya kewaye ta
kamar an ritsa ɓarawo a lungu.

Ashe kalmar baki biyu gare ta:
ɗaya na nuna hanya,
ɗaya na tambayar abin da ya saura.
Ba wanda ya gaya mini.

Ni ce fa, Micaela, jikar mai tumatir,
da na shekara uku a kasuwar Totonicapán
ina miƙa canji
tun mai saye bai gama laluben aljihu ba.
Lamba ba ta taɓa yi mini gardama ba.
Bakwai bakwai ce, ko a kan dutse ko a cikin ƙanƙara.
Rigar da aka sa mata ce ban gane ba.

An ce mu zana tebur.
Na yi masa ƙafa huɗu, har da kofi a kai.
Aji ya fashe da dariya,
ni ma na yi, don kada a bar ni a baya.
An ce tara tana da saiwa.
An ce biyu tana da iko.
Kalmar da aka koya mini ta mugun mutum
wai ita ce matsakaici.
Cika da mara kuwa, a nan,
mara sunanta ɗaya da abin da bai yi kama da kowa ba,
sai na ji kamar da ni ake.

Hser Ku Moo, da ke zaune bayana,
wadda aka haifa a sansani a bakin iyakar Tailan,
ta turo mini littafinta ta ƙarƙashin benci.
Shafi ta raba biyu:
nan ma'anar titi, nan ma'anar allo.
Ba ma jin yaren juna.
Na kwafe, na ƙara mata uku.

Daren Juma'a baba ya dawo,
yatsunsa sun sandare da sanyin wuƙa.
Ya baje takardar albashi kusa da kwanon wake,
ya cire haya, ya cire na aikawa gida,
ya ce da ni cikin K'iche': nawa ya rage?

Ban dubi hagu ba.
Na faɗa masa.
Ya yi shiru, ya ce in sake ƙirgawa.