Zarton Tomekichi

A Takayama dusar ƙanƙara ta danne rufin shago.
Tsoho Tomekichi ya taka katakon al'ul
da ƙafa, ba takalmi,
ya miƙo mini zarto.

Na tura, irin turin mai gaggawa.
Ƙarfen ya lanƙwashe, ya yi kuka kamar ɗan kyanwa.
Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Fumie,
wannan ba a tura shi, jawo shi ake yi.
Siriri ne kamar takarda.
In kin tura ya karye,
in kin ja ya miƙe."

Na ja.
Haƙora suka kama, shuu, shuu,
garin katako ya zubo mini a gwiwa,
ƙamshin daji ya cika ɗaki.

Da yamma ya haɗa ginshiƙi biyu babu ƙusa,
ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba.

Bara ya rasu.
Kowace safiya ina bin haƙoran nan da magagari,
ina ƙirgawa. Uku babu.
Biyu ni na karya, ranar farko.
Ɗayan
bai taɓa ba ni labarinsa ba.